Naɗi Uku a Hannun Dama

Na ga lokacin da Yaya ya naɗe igiyar a hannunsa na dama, naɗi uku. Na kuma san abin da igiya take yi wa hannun da aka naɗe ta a kai idan kaya ya fizga, don shekara shida ina cin abinci da wannan sanin. Ban ce masa komai ba. Tsakanina da shi bai fi taku goma ba, bakina lafiya lau, muryata kuwa duk unguwa an san ta da ƙarfi.

Yaya shi ne babba a ɗakinmu, ya ba ni shekara goma sha ɗaya. Da mahaifinmu ya rasu shi ya zama uban gida, shi yake jan salla a masallacin ƙofar gidanmu, kuma alaramma ne. Sau biyu ya rubuta Alƙur'ani da ka, ba tare da ya duba kowace takarda ba, a shekarar da nake ba da labarinta kuma yana kan na uku, saura izu biyu ya kammala. Kullum da hantsi yakan zauna a zaure kan buzu, ya ɗora takarda a gwiwa, ya fiƙe alƙalaminsa na kara, ya yi ta rubutu har rana ta take. Hannun nan na dama ba ya rabuwa da baƙin tawada a gefen manuniya. Ko noma idan zai yi, sai ya naɗe tafinsa da tsumma don kada kanta ta fito ta ɓata masa riƙon alƙalami, muna yi masa dariya yana ƙyale mu.

Ni kuwa boko na yi, rabi da rabi. Da na gama sakandare ban samu wucewa ba, sai na shiga aikin gini a wajen Rijiyar Zaki, lokacin da benaye suka fara tsirowa a gonakin mutane. A nan na koyi ɗaura wa motar ƙugiya kaya, wadda mu ma'aikata muke kira kiren: rodi, bulo, buhunan siminti, tankin ruwa. Wanda ya koya mini wani tsoho ne mutumin Zakirai, masifaffe na gaske, yana yawo da tsumagiya a hammata. Abu uku yake duka a kansu. Idan ka tsaya a ƙarƙashin kaya, duka. Idan ka ba direba alama alhali ba kai aka sa ba, duka. Idan kuwa ya ga ka naɗe igiyar riƙo a hannu, wato siririyar igiyar da mutum yake riƙewa daga ƙasa don kada kaya ya yi ta juyawa a sama, to ranar sai ka kwana da shatar tsumagiya a wuyan hannu. Cewa yake yi igiyar nan a buɗaɗɗen tafi ake riƙe ta, in ta nemi tafiya ka sakar mata, ba akuyar uwarka ba ce. Daga baya na koma karatu na zama malamin firamare, amma wannan faɗan yana kunnena har yau.

Garinmu ƙauye ne a ƙasar Tofa, irin wanda gida yake manne da gida, gona kuma take farawa daga gindin katanga. Ba mu da filin da ya yi saura. Akwai wata tsohuwar tsamiya da ta tsaya tsakanin zaurenmu, masallaci, da ɗakin Inna, mahaifiyarmu. Ba wanda ya san shekarunta. A tsakiyar daminar nan wata iska ta zo gaban hadari ta tsaga ta, daidai inda manyan rassanta biyu suka rabu, tsagar har mutum yana iya zura dantse. Rabi guda ya sunkuyo kan ɗakin Inna, duk iskar da ta kaɗa sai ka ji yana ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Da ƙyar aka lallashi Inna ta koma ɗakin matar Yaya, tana tafe tana mita.

Kayar da ita ba zai yiwu ba, ko ta ina ta faɗi sai ta rushe wani abu. Sai wani Alhaji ɗan garinmu, wanda yake da aboki ɗan kwangilar hanya, ya samo mana aron motar ƙugiya na rabin yini. Yaya ya kira ni a waya ya ce, "Kai ka san aikin motar nan. Ka zo ranar Asabar." Wallahi na ji daɗi. A gidanmu ba a taɓa nemana don wani sani nawa ba, kullum ni ne wanda bai haddace ba.

Mai yankan kuwa Baffa ne, ƙanin mahaifinmu. Shi ne mai saran itacen yankinmu tun ina goye, da gatari ya fara, daga baya ya sayi injin yanka. Lokacin ya haura hamsin, siriri, busasshe, amma yana hawa itace ba takalmi fiye da yadda nake hawa matakalar bene. Ɗorawa, kanya, maɗaci, darbejiya, babu wanda bai sauke ba, kuma bai taɓa rusa wa kowa ko rumbu ba. Dole in faɗi wannan, don daga baya mutane sun manta.

Motar ta iso da hantsi, ta taka wa maƙwabcinmu kunya biyu na gyaɗa kafin ta samu wurin tsayawa. Direban wani ƙato ne mai jajayen idanu, tun kafin ya sauko yake cewa lallai da azahar zai juya, ana jiransa a wurin aiki. Ƙasa ta sha ruwa, ta yi laushi, don haka na hana shi sauke ƙafafun ƙarfen da motar take dogarawa a kansu in za ta ɗaga kaya har sai da aka kwaso katakon gini da tsofaffin ƙyamare aka shimfiɗa musu. Na sa aka ja igiya aka tare hanya, na kori jama'a baya. Na ce wa direba ni kaɗai zai kalla, ko limamin gari ne ya ɗaga masa hannu kada ya motsa. Na kuma gaya masa ɗanyar tsamiya ba darbejiya ba ce, nauyinta ya ninka abin da ido yake gani, ga shi dole ya miƙa wuyan motar ya tsallake zaure, kuma ya fi ni sanin cewa duk nisan da wuyan ya yi ƙarfinsa raguwa yake. Saboda haka ƙanana za mu riƙa ɗauka. Ya ce to, a dai yi sauri.

Baffa yana gefe yana zuba wa injinsa mai, yana kallona ta wutsiyar ido. Ya ce, "Injiniya, in ka gama lacca sai mu hau." Aka yi dariya, ni ma na yi.

Ɗauka huɗu na farko sun tafi lafiya. Baffa ya hau, aka sauko masa da bel, wato faffaɗan ɗamarar da ake shaƙe reshe da ita a rataya a ƙugiya. Ina ƙasa ina nuna masa inda zai ɗaura, igiyar riƙo tana hannuna. In ya ɗaura sai in sa direba ya ja kaɗan, daidai yadda bel zai miƙe ba tare da ya fara fizgar reshen ba, sannan Baffa ya yanka ya ja jikinsa bayan kututture. Reshe ya tashi a hankali, gindinsa a ƙasa, ya tsallake zaure, a sauke shi a bakin hanya. Mata suna leƙe ta kan katanga suna salati. Wani dattijo ya ce ashe bokon ma yana da ranarsa. Kaina ya kumbura, ba zan ɓoye ba. Na fara ɗaga murya fiye da yadda aikin yake buƙata, har ina kiran direba da "kai malam".

Sai aka zo kan babban reshen, wanda ya sunkuyo kan ɗakin Inna. Direba ya duba agogo ya ce ba zai yi masa ɗauka uku ba, a yi biyu. Baffa ya bi reshen ya zauna a kai, ya ɗaura bel ɗin kusa da inda zai yanka, wajen gindi, ya bar duk tsawon reshen da ganyensa a gaba.

A irin aikin Baffa wannan ɗaurin daidai ne, kuma da shi ya yi shekara talatin yana aiki. Su suna rataya igiya ne a wani reshe na sama, su ɗaure wanda za a yanka a gindi, in an yanka kansa ya sunkuya ƙasa, maza goma su riƙa sassauta igiya har ya sauka. Reshen na sama yana lanƙwasa ya shanye fizgar, mazan ma suna ja da baya su shanye saura. Mota ba ta yin haka. In ka ɗaura wa ƙugiya reshe a ƙasan inda nauyinsa ya taru, da zarar an yanke sai ya kife, kai ya yi ƙasa, gindi ya yi sama da ƙarfin tsiya, duk abin da yake ɗaure a gindin kuma ya bi shi. Igiyar riƙo a gindin take ɗaure.

Da a ce na je gindin itacen na kira Baffa a hankali na yi masa wannan bayanin, na tabbata zai gane, don ba wawa ba ne. Amma ina! Daga inda nake tsaye na ƙwala masa kira, a gaban surukansa da jikokinsa da duk mutanen unguwa.

"Baffa! Haba Baffa, wane irin ɗaurin banza ne wannan? Kashe mu za ka yi? Kwance ka matsa gaba!"

Baffa ya leƙo ta cikin ganye, ya daɗe yana kallona. Ya ce, "Ni kake gaya wa ɗaurin banza? Ranar da aka yi sunanka a kan maɗaci aka je aka kira ni." Wani daga cikin jama'a ya ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Na juya na ce masa ya rufe mini baki, wannan ba zaman shayi ba ne. Mutumin nan sa'an Yaya ne.

Yaya ya tsallako igiyar da na tare hanya da ita, ya zo har gabana. Bai ɗaga murya ba, shi ba ya ɗaga murya, amma kowa ya ji.

"Ƙanin ubanka ne a sama. Ko a kan kuskure yake, haka ake yi masa magana? Kawo igiyar nan. Je ka tsaya can har ka dawo hayyacinka."

Na ce, "Yaya, ka saurare ni, wallahi reshen nan…"

"Kawo, na ce."

Na miƙa masa. Ina da mata da 'ya'ya biyu a lokacin, aka karɓe igiya a hannuna a gaban jama'a. Na koma jikin katangar masallaci na harɗe hannu a ƙirji, zuciyata tana tafasa, kunnuwana har wani zafi suke yi. Abin da na ce a raina, kuma ban taɓa rubuta shi ba sai yau, shi ne: to ku yi. Bari ya kife ya tsorata su, ya ɗebe musu kan katanga, su ga wanda ya san aiki. Iyakar abin da na hango ke nan, katanga da kwanon rufi. Direba yana ta leƙowa yana nemana da ido, don ni aka ce ya kalla. Da na ɗaga masa hannu ɗaya na dunƙule, da ya kashe komai ya jira. Ban ɗaga ba.

Duk namijin da ya tashi a garinmu ya san yadda ake riƙe igiya. Tun kana yaro in aka ba ka san noma ka kai shi rafi, abin da ake fara gaya maka shi ne ka naɗe a hannu kada ya ƙwace. Haka a bakin rijiya in guga ya cika, haka ragon layya. Wanda ya saki igiya rago ne, har waƙar tsokana ake yi masa. Yaya bai yi tunani ba ma, hannunsa ne ya yi abin da ya saba: ya ja igiyar ta miƙe, ya juya ta a tafinsa sau ɗaya, sau biyu, sau uku, ya dunƙule yatsu a kai, ya gyara tsayuwa. Sannan ya juyo ya kalle ni. Na kawar da kai na kalli bangon masallaci.

Baffa ya tayar da inji. Da babu mai ba da alama, kowa ya zama mai ba da alama, wannan yana cewa a ja, wancan yana cewa a dakata, direba kuma ya ja fiye da kima don yana sauri. Ƙarar injin ta canza, na ji ƙas, sannan komai ya faru a lokaci guda. Kan reshen ya rikito ya daki rufin ɗakin Inna, gindinsa ya yi tsalle sama, ya wuce fuskar Baffa da abin da bai fi tafin hannu ba. Ƙafar motar ta baya ta ɗaga daga kan katako ta koma ta zauna da ƙarfi. Igiyar riƙo kuwa ta tashi da Yaya. Na ga ƙafafunsa sun bar ƙasa, takalminsa ɗaya ya zame, ya bugu da katangar zaure, yana rataye da hannu ɗaya, reshen yana lilo yana ƙara matse naɗin. Bai yi ihu ba. Salati kawai na ji yana yi, sama-sama.

A lokacin ne bakina ya buɗe. Na yi ta ihu wa direba ya sauke, ya sauke a hankali, na ruga na rungumi ƙafafun Yaya na ɗaga shi don nauyinsa ya bar hannun. Wani ya kawo wuƙa aka yanke igiyar daga sama. Da muka kwantar da shi na zo warware naɗin, sai na ga ba abin warwarewa ba ne, igiyar ta shige cikin nama har ba a ganinta. Babban yatsa yana riƙe da fata kawai. Inna ta fito ba mayafi. Ban taɓa ganin kan Inna a waje ba sai ranar.

A motar Alhaji muka kai shi birni, ina riƙe da dantsensa a sama, na ɗaure shi da rawaninsa. Hanya duk ramuka da ruwa, kowane rami sai ya cije leɓe. Wajen rabin hanya ya ce mini in gaya wa matarsa ta kwashe takardun da ya bari a zaure kada ruwa ya taɓa su. Likitoci sun yi abin da za su iya. Babban yatsa, manuniya da na tsakiya sun tafi, biyun da suka rage kuma suka ƙanƙance suka lanƙwashe, ba sa miƙewa har yau.

Sauran tsamiyar wasu mutane ne daga birni suka zo suka ƙarasa bayan sati biyu, ban je na kalla ba. An ce guntu-guntu suka yi ta ɗauka, yini guda cur, ba wanda ko ƙwarzane ya samu.

A gari kuwa magana ta kasu. Tsofaffin mata suka ce dama tsamiya ba a taɓa ta haka kawai, masu ita ne suka karɓi hakkinsu. Malamai suka ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Amma abin da ya fi yawa a bakin mutane, wanda kuma ya fi ci mini rai, shi ne yabona da aka riƙa yi. "Ai yaron nan ya faɗa, ba a ji ba." A kasuwa, a wurin ɗaurin aure, har mutumin da na ce ya rufe mini baki sai da ya tare ni ya ba ni haƙuri. Ni kuma in sunkuyar da kai in ce Allah Ya kiyaye gaba. Tir da ni. Na samu abin da na tsaya jikin katanga ina jira, kowa ya san wanda ya san aiki.

Baffa ne ya ɗauki laifin duka, kuma bai taɓa musawa ba. Ya sayar da injinsa, bai sake hawa ko dabino ba. Kullum bayan sallar asuba sai ya zo ya durƙusa a ƙofar zaure ya gaishe da Yaya, ɗan wansa, wanda ya goya a kafaɗa. Yaya ya yi ta hana shi, ya ƙi bari. Ni kuwa in mun haɗu sai ya kauce mini hanya ya ce, "Injiniya, an wuni lafiya," kuma babu sauran tsokana a cikin kalmar. Na gwammace ya zage ni.

Yaya ya koma jan salla bayan wata biyu, yana ɓoye hannun a cikin hannun riga. Abinci ne ya fi ba shi wahala. Mutumin da ya yi shekaru yana koya wa yara cewa da dama ake ci, ya ƙi yarda ya ci da hagu, sai aka riƙa ɗaura masa cokali a dungulmin da ƙyalle, tuwo yana zubewa a rigarsa. Ya daina cin abinci a zaure tare da mu. Rubutu kuwa ya gwada da hagu sau ɗaya, a kan allo, da ƙofa a rufe. Matarsa ta ce ya daɗe yana kallon abin da ya fito, sannan ya wanke, ya ce ba zai sa wannan a cikin littafin Allah ba. Wani alaramma abokinsa ya nemi ya ƙarasa masa izu biyun, ya ce a bari tukuna. Takardun suna nan a cikin gafaka a rataye, ba a ƙarasa ba.

Na riƙa zuwa gida duk Juma'a, abin da da ba na yi. Mutane suka ce zumunci ne. Akwai wani ɗan aiki da ya zama nawa ba tare da an sa ni ba: mai hannu ɗaya ba ya iya yanke farcen wannan hannun, Yaya kuma ba ya son matarsa ta riƙa yi masa komai, don haka kafin a tafi masallaci sai in zauna gabansa da sabuwar reza in yanke masa farcen hagu. Sau da yawa na shirya maganar tun daga kan babur, in na zauna na kama hannunsa sai ta maƙale. Na yi ta gaya wa kaina cewa faɗar ba za ta dawo da yatsa ko ɗaya ba. Gaskiyar ita ce tsoro nake ji, don duk duniya babu wanda nake son ya ɗauke ni mutum kamar Yaya.

Wata Juma'a da kaka, an gama yankan gero, muna zaune a zaure, rana tana shigowa har kan buzu tun da babu sauran inuwa a ƙofar gida. Baffa ya wuce ta waje ya yi sallama a hankali bai shigo ba, na ga yadda rigarsa ta yi masa yawa. Na gama babban yatsa da manuniya na kama na tsakiya, sai kawai na ji maganar ta fito.

"Yaya, ranar nan na ga lokacin da ka naɗe igiyar."

Bai janye hannunsa ba. Na ci gaba.

"Na san ba a naɗewa. Abin da aka fi dukanmu a kai ke nan a wurin aiki. Na gani da idona, na yi shiru, saboda ina jin haushin ka karɓe ta a hannuna. Ko direban ma da na ɗaga masa hannu da ya tsaya. Ba Baffa kaɗai ba ne. Ni ne."

Ina faɗa ina kuka, ƙato da ni, reza a hannu. A raina ina jiran ɗaya daga cikin biyu: ko ya ce ƙaddara ce, kamar yadda malamai suke cewa, ko ya ce ai ko na yi magana ba zai saurare ni ba, tun da ya riga ya kore ni. Na fi sa rai da ta biyun. Wata da watanni da ita nake lallashin kaina.

Ya mayar da ido kan ƙofar zaure. Da ya yi magana, muryarsa irin ta kullum ce.

"Na san ka gani. Ai kallonka na yi." Ya juyo ya dube ni. "Da na karɓi igiyar nan ban san yadda ake riƙe ta ba. Na kore ka ne don Baffa, ba don na fi ka sanin aikin ba. Da na naɗe sai na ji zuciyata ba ta kwanta ba, shi ya sa na juyo. Na ce in ba daidai ba ne, ƙanina ba zai bar ni ba, komai fushinsa. Da na ga ka yi shiru sai na ce to, daidai ne. Na ƙara damƙewa."

Na kasa ɗaga kai. Daga masallacin Juma'a aka fara kiran salla na farko, mutane suna wucewa ta ƙofar gida da dardumansu. Na jira ya ƙara wani abu, ko yafiya ko tsinuwa, wallahi ko wacce ya ba ni zan karɓa da hannu biyu. Bai ƙara ba. Ya miƙo mini hannun hagun, ya buɗe yatsun.

"Ƙarasa," ya ce. "Saura uku, kada mu makara."